Muryar Mama da Na Bari a Accra

Da motarmu ta tsaya a iyakar Seme, inda ake fita daga Najeriya, abu biyu kawai nake tsoron a taɓa a jikina: fasfona, da wani jan filash na kwamfuta da na ɗaure da zare na rataya a wuya, cikin singileti. Jami'in da ya caje ni ya laluba ƙirjina ya ji shi, ya ɗauka laya ce. Ya yi dariya ya ce mu 'yan Arewa ba ma rabuwa da tsafi. Ban gyara masa ba, na bar shi da layarsa.

Sunana Istifanus, amma a Sabon Tasha, unguwarmu a Kaduna, ko ka tambayi mai gasa masara sai ya ce maka Fanus. Shekara takwas na yi ina rap da Hausa. Na yi a bikin aure, na yi a walimar kammala makaranta, na yi a filin ƙwallo inda janareta ya mutu ina tsakiyar baiti. 'Yan keke daga Sabo zuwa Barnawa sun san waƙoƙina, suna ɗaga mini hannu a hanya, amma ban taɓa sayen ko katifa da waƙa ba. Shi ya sa da wani furodusa a Accra mai suna Kobi ya ji aikina a intanet ya ce in zo, ban tsaya dogon tunani ba.

Waƙoƙi tara ne a cikin filash ɗin, sai kuma muryar mahaifiyata.

Mama Saratu ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata ta cocinmu, shekara ashirin da shida. Ita ke farawa da tulunta a cinya tana bugawa, mata sittin su amsa. Ranar da aka binne Baba, wanda ya ƙare ƙarfinsa a masaƙar Kakuri, ta tsaya bakin kabari ta yi wata waƙa da yarenmu wadda ba wanda ya taɓa ji. Ma'anarta da Hausa kamar haka ne: ka fita ka bar mini ƙofa a buɗe, wa zai rufe? Daga ranar, duk lokacin da Baba ya faɗo mata a rai, ita take rerawa a hankali, ko tana tsince wake ko tana wanki.

Wata biyar na yi ina roƙonta ta bar ni in ɗauka. Ina so in yi wa Baba waƙa, ita a amshi, ni a baitoci. Ta ce waƙar kuka ce, ba ta kasuwa ba. Ranar da ta yarda, ta ɗaura zanen zumunta kamar za ta je sujada a coci, muka hau keke zuwa situdiyon Oga Sunday a Barnawa. Ta cire takalmi a bakin ƙofa duk da an ce mata ba dole ba ne. Ta yi minti goma sha ɗaya ba ta tsaya ba, Oga Sunday ya kasa ɗago kai daga kwamfuta. Da muka fito ta kama kunnena a gaban masu gyaran babur, ni da gemuna.

"Kada a ji ta a inda ake shan giya, kada kuma a karkaɗa ƙugu da ita," in ji ta. "Ranar da ka bari aka yi haka, Istifanus, ka tono mahaifinka ke nan."

Na rantse mata, kuma da gaske nake.

Kwatano da Lome ban gan su sosai ba. Abin da na riƙe kawai shi ne yunwa, da Faransancin da ake zuba mini ina gyaɗa kai kamar na gane. A Lome wata mata da ke zaune kusa da ni ta lura tun safe ban sa komai a baki ba, ta raba burodinta biyu ta ajiye mini a cinya ba tare da ta dube ni ba. A Aflao, iyakar Ghana, aka sauke mu aka sake caje mu cikin rana. Na shiga Accra da yamma, na kira Kobi, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji.

Kwana tara bai ɗauka ba. Na kwana uku a tasha, jakata ce matashi. A rana ta huɗu wani mai turin baro ya ji ina magana ni kaɗai da Hausa, ya ce in tafi Nima, can ne mutanena suke. Na je. Ina shiga unguwar na ji wata tsohuwa tana yi wa wata faɗa a kan canji da Hausa, sai hawaye ya zubo mini, ni da nake taƙama ban iya kuka ba.

Tsohuwar ita ce Hajiya Adiza, mai koko da ƙosai a bakin wani lungu. Hausarta ta sha bamban da tamu, tana jan wasu kalmomi tana haɗiye wasu, amma mun fahimci juna. Ta tambaye ni sunana, na faɗa mata. Ta sa na maimaita sau uku. Ta ce a tsawon rayuwarta ba ta taɓa ganin Kirista da ya fi jikokinta Hausa ba, ta tara maƙwabta su zo su ji. Na zama abin kallo na wuni guda. Bayan an watse ta buɗe mini ɗakin da take ajiye buhunan gero ta ce in shimfiɗa kwali. Ni kuma nake ɗebo mata ruwa, in kai niƙa, in wanke manyan tukwane. Ran Lahadi ta farko ta buga mini ƙofa da ludayi.

"Kai Stifanu, yau ba ranar cocinku ba ce? Tashi. Ba na ajiye marar addini a ɗakina."

Da Kobi ya kira daga ƙarshe, haƙuri ya cika ni da shi, wai ya yi tafiya. Situdiyonsa na cikin wani gida mai geti da maigadi, sanyin ciki har ƙashi. Kayan aikin da na gani a can, da Oga Sunday ya gani sai ya rufe shagonsa ya koma gona. Kobi mutum ne mai fara'a, kullum dariya, kowa ɗan'uwansa ne. Ya aika aka sayo mana wake da shinkafa irin nasu, muka ci a kwano ɗaya. Sannan ya ce in kunna masa abin da na zo da shi.

Waƙoƙina tara ya saurara yana latsa waya. Da muryar Mama ta fito, sai ya kife wayar a kan tebur. Ya tambaye ni wace ce, me take cewa. Na ba shi labarin Baba, na fassara masa maganar ƙofar. Har ido ya goge. Na kuma faɗa masa sharaɗin Mama dalla-dalla, ban rage komai ba. Ya dafa ƙirji ya ce shi ma uwa ce ta haife shi. Ya ce in bar masa kayan gaba ɗaya ya gyara sauti, za mu yi waƙar da za ta sa duniya kuka.

A nan na yi kuskuren da sai ɗan Sabo zai yi. A gida, waƙoƙin rabin mawaƙan kudancin Kaduna suna kwance a kwamfutar Oga Sunday, har da waɗanda ba a gama ba, har da na waɗanda suka mutu. Ba takarda, ba sa hannu. Ka gama ɗauka, ka ce "Oga, a riƙe mini," ka tafi. Ba wanda ke taɓa kayan wani, domin in ka taɓa, kafin la'asar uwarka ta ji a kasuwar Sabo, fastonku ya ji, budurwarka ta ji. In ka ce wa furodusa ya rubuta maka takarda, ka kira shi ɓarawo ke nan, kuma ba za ka sake shiga ɗakinsa ba. Da wannan tarbiyya na girma. Ban tuna cewa Kobi ba shi da uwa a kasuwar Sabo ba. Na cire zaren daga wuyana, na miƙa masa filash, ya kwashe komai, har minti goma sha ɗayan nan. Na ce masa "A riƙe mini," har ina jin kunyar na faɗa.

Daga nan sai jira. Kullum sati mai zuwa. Ina zuwa situdiyo sau uku a mako, ina rubuta wa wasu baitoci da Turancin Buroka suna hawa da sunansu, ina riƙe musu ruwa, ina tafa musu. In na tambayi tawa, Kobi ya dafa kafaɗata ya ce waƙa irin wannan ba a yi mata gaggawa. Sauran ranakun ina dakon dilolin gwanjo a kasuwa, wuyana ya yi kanta. Na rame har wandona yana juyawa a ƙuguna. Abinci bai yi mini daɗi ba, komai da tsami, komai da kifi. Ina marmarin gwaten acca na Mama, mai yakuwa da gauta, irin wanda nake rainawa a gida in ce kullum shi ke nan. Ina marmarin hayaniyar Sabo ran Lahadi, coci goma kowanne da lasifikarsa, ba mai jin wani.

Mama tana kira duk Asabar da wayar ƙanwata Rifkatu. Tambayoyinta ba sa canzawa: na ci abinci, na je coci, ina sa rigar sanyi. Na gaji da faɗa mata Accra ba sanyi. Kafin ta ajiye sai ta ce, "Amanata tana nan?" In ce tana nan. Wata shida ina faɗar haka da zuciya ɗaya.

A wata na bakwai, da tsakar rana, ina cikin ƙaramar bas daga kasuwa, direba ya ƙara rediyo. Kiɗa ne na casu, irin mai sa ƙafa motsi ko ba ka so. Sai na ji ta. An ƙara mata sauri, an siranta ta kamar ta yarinya, an yanko gaɓar nan ta wa zai rufe ƙofa ana maimaitawa. Amma ko a cikin ruwa aka sa muryar nan zan gane ta. A kanta wani babban mawaƙi, wanda ba zan kira sunansa ba, yana waƙar kwalabe da mazaunan mata. Kwandasta yana rawa a bakin ƙofa, wata mata mai goyo tana kaɗa kai. Na buga jikin motar na ce a sauke ni. Na durƙusa bakin kwata na amayar da kokon Hajiya.

Da ƙafa na tafi wurin Kobi. Maigadi ya tsayar da ni a geti, abin da bai taɓa yi ba. Kobi ya fito da fara'arsa. Ya ce ai daƙiƙa uku ce kawai ya ɗauka, haka ake aiki a ko'ina, ba wanda ya san yaren balle ya san me ake cewa. Ya ce kamata ya yi in yi murna, muryar tsohuwata ta shiga inda tawa ba ta shiga ba. Na tuna masa sharaɗin, na tuna masa ƙirjin da ya dafa. Fara'ar ta ragu kaɗan.

"Wane sharaɗi?" ya ce. "Nuna mini inda aka rubuta."

Kafin ya koma ciki ya ce in ina so, zai yi magana a sa ni a bidiyon, in tsaya a baya cikin masu rawa.

Wani ɗan cocin da nake zuwa ya kai ni wurin lauya. Mutumin ya saurare ni da kyau, ya tambayi takardar yarjejeniya, ya tambayi ko an yi wa waƙar rajista, ya tambayi izinin zamana a ƙasar wanda ya daɗe da ƙarewa. Ya rufe littafinsa ya ce in yi haƙuri. Na nuna masa filash, ya ce wannan ya nuna muryar uwata ce, bai nuna ban bayar ba.

Abin da ya rage mini shi ne addu'a, kuma irin addu'ar da na yi ban taɓa jin mawaƙi ya yi ba. Shekara takwas ina roƙon Allah ya sa waƙa ta tashi, yanzu ina roƙonsa ya kashe waƙa. Ina cewa ya Ubangiji, ka tsayar da ita a Aflao, kada ta ƙetare. Amma kullum ƙara girma take yi. Tana shagon aski, tana wayar masu dako, har a bikin suna a Nima an kunna ta ina wanke tukwane. Asabar ta zo, Mama ta ce amanata tana nan? Na ce tana nan. Sau takwas na yi mata wannan ƙaryar, ina ƙirgawa.

Ana saura kwana huɗu Kirsimeti Rifkatu ta kira, ba ranar Asabar ba. Ko gaisuwa ba ta yi ba.

"Yaya, waƙar ta iso. Tana kowane gidan giya daga Sabo har Mahuta. Ka ga bidiyon kuwa? Ka ga abin da 'yan matan ke yi daidai wurin muryar Mama?"

Ta ce matan zumunta ba su ɗauki daƙiƙa biyu ba suka gane ta, mutanen da suka shekara ashirin da shida suna amsa wa muryar nan, kuma su sun san yaren, sun san a bakin kabarin wa aka yi ta. Dattawan ikilisiya suka kira Mama. Suka tambaye ta ko muryarta ce, ta ce tata ce. Suka tambaye ta ko sace mata aka yi, ko ɗanta ne ya sayar ba da saninta ba. Rifkatu ta ce da Mama ta ambaci sunana da shi ke nan, an sallame ta. Amma ta ce musu, "Ni na shiga da ƙafata na yi, ni na bayar." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Aka sa ta a horo na wata shida. A cocinmu wanda ke horo yana zama a bencin baya, kusa da ƙofa, ba ya waƙa, ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasar da ake rabawa a coci. Aka karɓi tulunta aka ba wata. Ranar Kirsimeti, da matan suka shigo a jere da sabon zane suna waƙa, ta gefenta suka wuce.

Asabar ɗin da ta biyo Mama ta kira kamar kullum. Na ci abinci, na je coci, rigar sanyi. Na jira tambayar ƙarshe, ba ta yi ba. Ta ce Allah ya tsare, ta ajiye.

Wata huɗu na ƙara a Accra, ba don ina da abin yi ba. Kunya ce ta riƙe ni. Na daina zuwa situdiyo, na daina rubutu, in na ɗauki biro sai in ji ƙyamar hannuna. Hajiya Adiza ta zuba mini ido har ta gaji. Wata safiya tana juya ƙosai ta ce in faɗa mata abin da ke cina, na faɗa mata duka. Ta kwashe ƙosan daga mai. Sannan ta ce uwata tana zaune ita kaɗai a wancan bencin, ni kuma ina nan ina ɓoye fuska a bayan buhun gero, wannan ba kunya ba ce, rashin kirki ne. Ta haɗa ni da wani direban babbar mota da ya kawo albasa zai koma Najeriya. Ta ba ni mayafinta sabo fil ta ce in kai wa Mama, in ce daga wata uwa ce.

Kwana biyar muka yi a hanya. Na sauka a Kaduna da rana, na hau keke zuwa Sabo. Ba mu kai Barnawa ba direban ya kunna waƙar. Bai gane ni ba, na rame na yi baƙi. Ya juyo yana murmushi ya ce, "Oga, ka ji aiki? Daga Ghana ne wannan. Ba irin shirmen da yaranmu ke yi a nan ba." Na ce masa haka ne.

Na samu Mama a tsakar gida tana tsince wake, shiru. Ta ɗago ta dube ni, ta ce na rame, ta tashi ta ɗora gwate. Na durƙusa zan fara magana ta ce in ci abinci tukuna. Washegari na je wurin dattawa na faɗa musu gaskiya tun daga filash har zuwa geti. Suka yi mini faɗa, suka ɗage mata horon saura 'yan makonni ya cika. Matan zumunta suka zo har gida da tulun, an wanke shi an ɗaura masa sabon ƙyalle. Ta karɓa ta gode, ta tura shi ƙarƙashin gado.

Ran Lahadi ta sake zama a bencin baya. Na zauna kusa da ita. Matan suka fara waƙa, wata na bayarwa, suna waiwayowa ko za ta amsa. Bakinta bai motsa ba.

Da muka dawo gida na cire filash daga wuyana na ajiye a gabanta. Na ce asalin yana ciki, minti goma sha ɗaya, ba a taɓa shi ba, in tana so in kunna mata. Na ce ta zage ni, ta tsine mini, ta yi wani abu. Ta juya shi a tafin hannunta ta mayar mini.

"Ba bencin ne ya dame ni ba, Istifanus," in ji ta. "Benci katako ne. Amma tun da na ji abin nan, duk lokacin da mahaifinka ya faɗo mini a rai na buɗe baki zan yi masa waƙarsa, sai kiɗan nan ya shigo mini kai. Jiya ina wanki na fara, sai na duba na ga ƙafata tana bugawa."

Ta jawo farantin wakenta kusa.

"Ka faɗa mini, da me zan yi masa kuka yanzu?"